Katin hoto na waje ba ya mayar da tsohuwar laftof yarinya

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a wurin matasanmu masu harkar kwamfuta, daga Rimaye zuwa Kankia da Kusada, musamman masu haɗa bidiyon biki da masu zanen katin gayyata. Wai duk laftof ɗin da ta fara ja da baya, a nemo mata katin hoto na waje a jona, shi ke nan ta koma sabuwa fil. Masu wannan magana ba shaci-faɗi suke yi ba. Sun gani da idonsu a YouTube: an ɗauko tsohuwar ThinkPad, an jona mata ƙaton kati mai fanka biyu, wasa ya tashi. Abin yana yiwuwa. Inda na saɓa da 'yan'uwa shi ne zaton kowace na'ura za ta karɓa, da kuma zaton kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

A fara duba ta inda katin zai shiga. Hanyar da aka yi domin wannan aiki ita ce Thunderbolt 3, wadda Intel ya fitar a 2015, mai ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa. Bakinta iri ɗaya ne da USB-C, kuma nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata. EliteBook 840 G3, wadda ta cika hannun ɗalibai, tana da USB-C amma ba Thunderbolt ba ce. Ko ka sayo akwatin saka katin, irin Razer Core X, ba za su gaisa ba. Sai ka ga ɗan zanen walƙiya a gefen ramin, kamar yadda yake a ThinkPad T480, sannan ka fara sa rai. Masu MacBook mai M1 kuwa su hutar da kansu, Apple bai buɗe musu wannan ƙofa ba.

Saura tsofaffin gaske na 2011 da 2012, irin su ThinkPad T420 da T430, da EliteBook 8470p, da Latitude E6430, waɗanda ake sarowa daga Beirut Road a Kano. Su suna da ramin ExpressCard a gefe, kuma akwai 'yar na'urar haɗi, EXP GDC, da ake kawowa daga Sin. To amma katin hoto an ƙera shi ne ya zauna a kwamfutar tebur kan layi 16. ExpressCard layi ɗaya tak yake bayarwa, gigabit 5. Rijiya ta bayar, guga ya hana. In kuma a allon laftof ɗin kake son kallo, hoton da katin ya sarrafa ta wannan siririn layi zai sake komowa, gudun ya ƙara raguwa. Dole ke nan ka sayi wani allo daban.

Wadda ba ta da ExpressCard, aikin ya fi muni. Sai an kwance murfin ƙasa, a zare katin Wi-Fi, a cusa waya a gurbinsa. Ka dubi teburin mai wannan haɗi: laftof a kife ko a ɗage kan littattafai, ciki a buɗe, waya mai faɗi ta leƙo, kati tsirara a tsaye yana shan ƙurar hunturu, ga akwatin wuta a gefe yana huci. Wannan ba ta ƙara shiga jaka zuwa wurin ɗaurin aure. Wasu samfuran Lenovo da HP ma, da sun ji baƙon abu a wannan rami sai su ƙi tashi sam, domin kamfanin ya ƙayyade katunan da za su karɓa.

Ko an tsallake duk wannan, firosesa tana nan yadda take. Yawancin waɗannan tsofaffin na'urori Core i5 ne mai ƙwaya biyu, kuma kaso mai yawa na aikin haɗa bidiyo a kanta yake. Windows 11 ma ba ta karɓar su a hukumance, ga shi Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Sai maganar wuta, wadda mai bidiyon YouTube bai san da ita ba. Alherin laftof a garuruwanmu batirinta ne: KEDCO ta ɗauke, kai kana aikinka. Katin waje kuwa ba ya aiki da batir. Cajar da aka fi haɗa shi da ita, Dell DA-2, wat 220 ce, alhali laftof ɗin kanta wat 65 zuwa 90 ya ishe ta. Wuta na ƙiftawa kati ya mutu, allo ya ɗauke, aikin da ba a adana ba ya bi ruwa. Mai ƙaramar sola kuwa sai ya sake lissafi.

Ban ce kowa ya bari ba. Mai Thunderbolt da tsayayyar wuta zai ga amfani, haka ma wanda ke da kati a ajiye yana son ya koyi kwance-kwance. Amma mafi yawan nauyin da ake kuka da shi, na jinkirin tashi da maƙalewa, daga tsohon faifai mai juyawa yake da ƙarancin RAM. A sa SSD, a ɗaga RAM zuwa gigabait 8 ko 16, a wanke fanka; bambancin a ranar za a gan shi. Wanda kuma sana'arsa ta kai ga buƙatar kati da gaske, ya bar laftof ɗinsa lafiya, ya nemi 'yar gwanjon kwamfutar tebur irin Dell OptiPlex, ya sa mata GTX 1050 Ti ko GTX 1650 wanda ba ya wuce wat 75. Kafin ka miƙa kuɗi a Kano, ɗan'uwa, ka tafi da laftof ɗin, a jona a gabanka ka gani.