Amsoshin Wasiƙunku: Makaɗin Jita Da Ya Yi Faifai Ba Tare Da Ƙungiyarsa Ba

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Furfuri, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya ce ya ji labarin wani tsohon makaɗin jita na ƙungiyar Rolling Stones wanda ya fitar da faifai da sunansa shi kaɗai. Yana tambaya, shin ƙungiyar ce ta watse? Kuma ana yin haka a wurin makaɗanmu?

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Mutumin da kake nufi shi ne Keith Richards, ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1943. Da shi aka kafa ƙungiyar a birnin Landan a 1962. Ƙungiyar ba ta watse ba, amma lokacin da ya yi wannan faifai saura ƙiris.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce gandu da gayauna. Ƙungiyar ita ce gandu: kowa ya yi aiki, a raba amfani. Faifan da mutum ya yi da sunansa kuwa gayauna ce. Ai ba laifi ba ne ɗa ya yi gayauna, rigima tana tashi ne ranar da aka neme shi a gandu aka tarar yana can yana noma tasa.

Haka ta faru. Mick Jagger, mai jan baki a ƙungiyar, ya fitar da nasa faifai a 1985. Da ƙungiyar ta fitar da nata a 1986, sai ya ƙi yarda a fita yawon wasa da shi, ya sake yin wani nasa a 1987. Yawon wasa kuwa nan ne kuɗi suke, kuma ba na manyan kaɗai ba, har masu ɗaukar kaya da masu haɗa lasifika daga nan suke ci. Richards ya shekara fiye da 25 bai taɓa yin cikakken faifai nasa ba, don a ganinsa gandu ya isa. Da ya ga an bar shi zaune, sai ya tara waɗansu makaɗa ya fitar da Talk Is Cheap a watan Oktoba na 1988, yana da shekara 44. Ma'anar sunan, faɗa da baki ba ta da wuya. Akwai waƙa ɗaya a ciki da jama'a suka ɗauka habaici ce ga Jagger. Ashe zambo ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Kada kalmar "shi kaɗai" ta ruɗe ka. Sunansa ne kaɗai a jikin faifan, amma da mutane ya yi, kuma tare da mai ganga Steve Jordan suka tsara waƙoƙin. In ana maganar kaɗaici na gaskiya, sai marigayi Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba ɗan amshi. Shi Richards jitarsa tsirkiya shida gare ta, amma a waƙoƙi da yawa yakan cire ɗaya ya kaɗa biyar. Muryarsa kaushi gare ta, ba ta kai ta Jagger ba, amma a ganina kiɗan faifan ya fi na ƙungiyar na 1986 rai.

A wurinmu abin ya bambanta, domin ƙungiya da sunan shugabanta ake kiranta. Dubi gidan Ɗanƙwairo na Maradun. Mahaifinsu Usman Ɗankwanda makaɗi ne, bayan rasuwarsa babban ɗansa Kurna ya gaje shi, Musa Ɗanƙwairo yana Daudun kiɗi a ƙarƙashinsa. Sai daga baya ya riƙe ƙungiya da sunansa, har ya yi waƙoƙin da kowa ya sani, kamar ta Sardauna Ahmadu Bello da ta 'Yandoton Tsafe, kafin rasuwarsa a 1991. Kowa ya san Ɗanƙwairo, to amma mutum nawa za su iya kawo sunayen masu kotso da 'yan amshin da ke karɓa masa, alhali rabin daɗin waƙar nasu ne? Shi ya sa ɗan amshin da ke son a san shi yakan jira gado, ko ya fita ya kafa tasa, kuma wanda ya zama maigida da wuya ya koma yaro. Su can sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba ne, saboda haka ana iya fita a dawo.

Sun kuwa dawo. A farkon 1989 Jagger da Richards suka haɗu a tsibirin Barbados suka shirya, ƙungiyar ta fitar da Steel Wheels a wannan shekara. Ciniki ma ya nuna inda ƙarfi yake: a Amurka faifan Richards ya haura rabin miliyan, na ƙungiyar kuwa ya haura miliyan 2. Bai bar gayaunar ba, ya sake yin faifai a 1992 da 2015. Da Charlie Watts, mai gangar ƙungiyar tun 1963, ya rasu a 2021, Steve Jordan ɗin nan na gayauna shi aka ɗauko ya zauna a kujerarsa.