Zaɓin da ke gaban ɗaliban zane-zane a Zariya

A duk farkon zangon karatu, ɗaliban fannin zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kan yi rajistar kwasa-kwasai, amma ga wanda ya shiga aji uku, rajistar ce ke yanke irin sana'ar da zai fita da ita.

A shekaru biyun farko ɗalibi kan taɓa kowane ɓangare ne, daga nan sai ya ware guda ya ƙware a kai.

Ga matasan Maska da Funtua da Malumfashi a kudancin jihar Katsina, waɗanda da dama daga cikinsu Zariya suke zuwa karatu, abubuwa uku ne kan shiga lissafi: addini, da kuɗin kayan aiki, da kuma abin yi bayan kammalawa.

Sassa biyu

Koyar da zane-zane a Zariya ya girmi jami'ar kanta, wadda aka kafa a 1962.

A 1958 ne wasu ɗaliban kwalejin da ta gabace ta, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa wata ƙungiya da ta dage cewa a haɗa dabarun Turawa da fasahar gargajiya, a maimakon kwaikwayon Turai zalla.

A yau karatun ya rabu gida biyu. Sashe ɗaya na koyar da zanen fenti da sassaƙa da tarihin fasaha, ɗayan kuma na koyar da zanen tufafi da ginin tukwane da zanen tallace-tallace.

Batun addini

Ɓangaren sassaƙa ne ya fi jawo taƙaddama a gidajen Musulmi, domin akasarin malamai sun hana yin mutum-mutumin abu mai rai, ko da yake akwai saɓani a tsakaninsu game da zane a kan takarda ko ƙyalle.

Sai dai kuma ƙasar Hausa na da daɗaɗɗiyar fasahar da ba ta buƙatar surar mai rai, kamar zayyanar Alƙur'ani da aikin wuyan riga da adon bango.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, na cikin fitattun misalai.

Kuɗi da aiki

Ɗalibi ne ke sayen fenti da buroshi da ƙyalle daga aljihunsa, kuma yawancinsu daga waje ake shigo da su. Wannan nauyi ne babba ga iyayen da sai kaka ta yi suke ganin kuɗin masara ko auduga.

Zanen tufafi ne ya fi kusa da tarihin yankin, domin Maska ta yi suna wajen saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, Funtua kuma ta zama cibiyar auduga, har aka kafa masaƙa a garin.

To amma manyan masaƙun da ke ɗaukar masu wannan ilimi sun durƙushe. An rufe masaƙar KTL ta Kaduna a 2002, ta UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, sakamakon ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfofin waje.

Saboda haka wanda ya zaɓi wannan ɓangare sai ya shirya buɗe nasa wurin rini ko ɗinki.

Zanen tallace-tallace kuwa na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, amma yana da kasuwa a maɗaba'u da masu buga allunan talla, musamman lokacin zaɓe.

Ginin tukwane ma ya ɗaukaka wasu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, da shi ta yi suna, har jami'ar ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sauya ɓangare bayan an yi nisa kan sa ɗalibi ya koma ya ɗauki kwasa-kwasan da ya tsallake, abin da ka iya ƙara masa shekara guda a makaranta.