Shin bututun sanyayyar iska na ƙara wa injin mota ƙarfi?

Daga cikin kwaskwarimar da samari masu sha'awar gudu ke yi wa motocinsu, akwai cire akwatin tace iska na asali, wanda kanikawa ke kira iya-kilina, a ɗaura wani bututu mai ƙyalli da matata mai siffar mazurari a bakinsa. Masu tallarsa na cewa yana shayar da inji sanyayyar iska, ya ƙara masa ƙarfi, har ma ya rage shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan magana ta ƙarshe ta ƙara shiga kunnen jama'a. Sai dai ga mai motar da ke zaune a Rijiyar Zaki ko Panisau ko Rangaza a Ƙaramar Hukumar Ungogo, inda ba a raba tafiya da hanyar burji, abin da ke kan sikeli lafiyar inji ce sukutum.

Tushen maganar gaskiya ne. Injin fetur ba ya ƙona mai sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Domin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska, wato kowace lita ɗaya ta fetur na cin iska wajen lita 9,000. Girman silinda kuwa ba ya canzawa. Iska mai sanyi a cure take, mai zafi kuma a buɗe, don haka silindar da ta cika da sanyayyar iska ta fi samun oksijin. Kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa birenbos, tana auna iskar da ta shigo, ta ƙara mata mai daidai gwargwado, sai ƙarfi ya ƙaru. Direbobin Kano sun san haka ko ba su shiga ajin kimiyya ba: motar da ke tashi da kuzari da asubahin hunturu, ita ce ke nauyin jiki da azahar ɗin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40.

To, nawa ne ribar? Duk saukar zafi na digiri 10 yana ƙara curewar iska da kimanin kashi 3 cikin 100, ƙarin ƙarfin da ake samu kuma ba ya wuce haka, galibi ma ba ya kaiwa. A ɗauki Toyota Corolla mai inji lita 1.8, wadda ƙarfinta ke wajen doki 130. Idan aka yi dace aka sauke zafin iskar da take zuƙa daga digiri 50 zuwa 35, abin da za a samu bai wuce ƙarfin doki 3 zuwa 6 ba. Ko wannan ɗin ma sai an take totur har ƙasa, inji yana juyawa kusa da ƙurewarsa. A tuƙin yau da kullum, a cunkoson Titin Katsina misali, murfin totur ne da kansa ke taƙaita iskar da ke shiga, saboda haka faɗin bututun da ke gabansa ba ya tsinana komai. Wannan ne kuma ya rushe batun rage shan mai, domin ƙarin iska ƙarin mai yake jawowa.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Akwatin da kamfani ya haɗo motar da shi, a mafi yawan motocin zamani, ya riga ya miƙa bakinsa zuwa gaban mota ko gefen fitila, inda yake ɗiban iskar waje. Kenan shi ma bututun sanyayyar iska ne, illa dai baƙar roba ce marar ƙawa. Wanda ya cire shi ya ɗaura buɗaɗɗiyar matata a cikin bonat, kusa da lagireto da tushen salansa, ya mayar da injinsa mai shaƙar turirin kansa. A tsaye cikin rana, zafin ƙarƙashin bonat na ɗara na waje nesa ba kusa ba. Zazzafar iska kuma na sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, kwamfuta ta ji ƙwanƙwasar, ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya domin kare fistin, ƙarfi ya ƙara raguwa. An je neman ƙiba, an samo rama.

Me ya sa to mai motar ke rantsuwa cewa ta ƙara gudu? Kunne ne ke yaudararsa. A jikin bututun asali akwai wasu ƙananan akwatuna da aikinsu shi ne kashe ƙarar zuƙar iska. Da an cire su sai inji ya riƙa gurnani duk lokacin da aka taka shi, zuciya kuma ta fassara gurnanin da ƙarfi. Wanda ya kashe kuɗinsa ma ba ya son ya ji akasin haka.

Ba a ce abin ba shi da amfani ko kaɗan ba. A motar da aka yi wa gyara mai zurfi, aka faɗaɗa salansa, aka sake saita kwamfuta, ko aka ƙara ƙarfin turbo, buƙatar iska na iya wuce abin da akwatin asali ke iya bayarwa, a nan sai babban bututu mai rufaffen akwati, wanda bakinsa ke waje, ya yi rana. Amma a injin turbo ma, matse iska da kansa yana ɗumama ta ƙwarai, don haka na'urar da ke sanyaya ta bayan an matse ta fi bututun tasiri.

Babbar matsalar mu ta nan ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza shi a kan ƙasar Hausa. A haɗa da jar ƙurar burji da ta gonakin da aka girbe. Wannan ƙura tana da sinadarin yashi, wanda ke cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Injin lita 2 da aka take yana juyawa sau 3,000 a minti na zuƙar iska har kusan lita 3,000 a wannan mintin, kuma duk ƙurar da matata ta bari ta wuce, tsakanin ringi da bangon silinda za ta je. Matatar takarda ta asali ta fi kama ƙananan ƙwayoyi. Matatun auduga da ake shafa wa mai, irin waɗanda kamfanin K&N na Amurka ya yi suna da su, suna barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda ƙofofinsu sun fi faɗi, kuma suna buƙatar wanki da shafa mai a kan kari. Idan man ya yi yawa yana iya ɓata na'urar auna iska, idan ya bushe ƙura ta samu hanya. Kwaikwayon da ba a san asalinsa ba kuwa, ba a ma maganarsa. Ƙarshen irin wannan inji shi ne shan baƙin mai da hayaƙi, sai kuma a kama hanyar Ƙofar Ruwa neman ringi ko sabon inji.

Damina ma da nata. Bututun da ke sanyaya iska da gaske, bakinsa a ƙasa ake saukar da shi, bayan bamba kusa da taya. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ke kwanciya a kan tituna, bakin na iya nutsewa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan ya shiga silinda fistin na tasowa ya ci karo da shi, sandar fistin ta lanƙwashe ko ta karye nan take. Shi ya sa motocin da aka shirya wa jeji, irin su Land Cruiser da Hilux na masu ratsa hamada, ake ɗaga musu bakin bututu sama daidai rufi, inda ruwa ba ya kaiwa, ƙurar taya kuma ta yi sauƙi.

Mai son injinsa ya shaƙi iska sosai a Ungogo, abin da ya fi araha shi ne ya buɗe akwatin ya duba. Matatar da ƙura ta toshe tana rage ƙarfin inji fiye da abin da kowane bututu zai ƙara. A lokacin hunturu a riƙa dubawa akai-akai, a canza ta kafin wa'adin da kamfani ya rubuta, domin littafin mota da kansa yana umartar a gajarta wa'adin a wurare masu ƙura. A kuma bincika robar da ke tsakanin akwatin da inji, don tsagewa ɗaya a jikinta ta isa ta shigar da ƙurar da ba ta bi ta matata ba.