Sasanta Rikici Sana'a Ce, A Koya Wa 'Yan Sakandare Ita

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da darasin tarihi makarantu, ake ta muhawara a majalisu da zauruka kan abin da ya kamata yara su ji game da rikice-rikicenmu. Wasu iyaye na cewa a bar kaza cikin gashinta. Amma maganar da ta fi ci mini rai ita ce ta masu cewa koya wa yaro sulhu koya masa tsoro ne, wai za a mayar da shi rago, a ƙwace gonar ubansa ya ce ya yafe.

Wannan rashin fahimtar mene ne sulhu ne. Mai sasanci ba ya ce wa kowa ya bar haƙƙinsa. Aikinsa shi ne ya rarrabe tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da ciki ke nema, kuma nan ne wahalar take. Manomi ya ce kada kofaton saniya ya taka wannan gefen. Makiyayi ya ce burtali ne tun zamanin kakansa. Idan ka tsaya kan waɗannan kalmomi biyu, sai dai sanda ta raba. To amma me manomin ke so? Geronsa ya kai rumbu. Makiyayin fa? Shanunsa su kai mashaya. Waɗannan biyu ba sa cin karo. Kakanninmu sun gane haka: bayan girbi Bafulatani ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya auna masa hatsi. Rikicin kamar na kishiyoyi ne da ke faɗa kan tsintsiya. Duk wanda ya je kasuwa ya sayo tsintsiya biyu bai yi komai ba, domin rabon kwana ne ke cin ransu. Ko majinyaci da ke kukan ciwon kai alhali haƙori ne ya ruɓe. Ka ba shi maganin ciwon kai sau goma, da dare zai sake tashinka.

Dubi Zangon Kataf a 1992. Abin da ya fito fili shi ne sauya wa kasuwa matsuguni, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar taƙaddama kan ƙasa da sarauta tsakanin Atyap da Hausawan garin. Rikicin ya malalo har cikin Kaduna. A nan ne James Wuye, jagoran matasan Kirista, ya rasa hannunsa na dama, Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 mutanen nan biyu suka soma aiki tare, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin mabiya addinai, suna cikin waɗanda suka haɗa shugabannin addini suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, sannan suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Imam Ashafa bai bar limancinsa ba, Fasto Wuye bai bar cocinsa ba. Wa zai kira su matsorata?

Me ya sa sai 'yan sakandare? Domin su ake fara kira idan gari ya ɗau zafi, su ke riƙe da wayar da jita-jita ke shigowa ta WhatsApp. Kada a manta, wutar Kafanchan ta 1987 daga harabar kwalejin horar da malamai ta tashi, tsakanin ɗalibai, kafin ta kai Zariya da Funtuwa.

Yadda muke koyarwar ne bai gamsar da ni ba. A darasin ilimin zama ɗan ƙasa, malami zai rubuta ma'anar zaman lafiya a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar WAEC. Ba a koyon iyo a kan tudu. Hukumomin ilimi sun sa abin a manhaja, amma malami nawa aka zaunar aka horar kan shiga tsakani? Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi sosai. A raba aji biyu, ɗan manomi ya tsaya ya kare makiyayi, ɗan makiyayi ya kare manomi. A kafa doka cewa ba wanda zai mayar da martani sai ya maimaita hujjar abokin hamayyarsa har shi ya ce i, haka nake nufi. A karanta musu saƙon jita-jita, a ce su gano wa ya gani da idonsa. A gayyato mai unguwa da ardo su ba da labarin yadda suka taɓa ƙiyasta ɓarnar gona aka biya diyya kowa ya koma gida. Ga kuma wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, al'adar da UNESCO ta sa ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014, amma ba ta samu shiga ajujuwanmu ba.

Shugabannin makarantu, ba sai kun jira takarda daga ma'aikata ba. Ku ware awa guda a mako, ku fara da faɗan da ake yi a bakin famfon makarantarku.