Keken Ɗalibi: Gwanjo Mai Ƙwari Ya Fi Sabo Mai Ƙyalli

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ke cinye guzurin ɗalibi. A sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke titin Gwarzo, inda akwai tazara tsakanin ɗakin kwana da ɗakin karatu, keke ne mafita, amma ba kowane keke ba. Sabo mai araha, mai giya barkatai da fenti mai ɗaukar ido, yakan fara ba da matsala da wuri, alhali Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta buƙatar giya da yawa. Gara tsohon Raleigh ko Phoenix mai ƙarfen kirki, wanda masu gyaran keke na bakin titi suka san kansa.

Wasu za su ce gwanjo sayen wahala ne, ko ma kayan sata. Haɗarin na nan, amma yana da magani. A tafi da mai gyara ya ɗaga ƙafar keken ya juya ta, ya ga ko tana rawa, ya matse birki, ya duba sarƙa da wuraren walda, sannan a karɓi rasit. Abin da ya yi saura kuwa, ɗalibi ya sayi famfo da kwaɗo mai ƙarfi.