Awon gishirin girki a ƙasar Arewa: daga cokali zuwa giram

A kasuwannin Dogon Dutsi da Tibiri, da mazubi ake auna hatsi, wato tiya, haka ma gishiri in ana sayar da shi kaɗan-kaɗan. A madafa kuwa, cokali ne ko ɗan yatsu. Amma takardun kiwon lafiya da giram suke magana. Mai bincike kan abincin iyali dole ya mayar da wancan awo zuwa wannan, kuma a nan ne kuskure ke shiga.

Mu fara da gishiri mai laushi na leda. Lita ɗaya tasa tana da nauyin kusan giram 1200. Ke nan cokalin shayi mai mililita 5, in an shafe bakinsa, yana ɗaukar kusan giram 6. Babban cokali mai mililita 15 kuma, giram 18. Da a ce gishirin dunƙule ɗaya ne babu rata, da lita ta kai giram 2160. Bambancin duka iska ce da ke tsakanin ƙwayoyi. Shi ya sa adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya: girman ƙwaya da siffarta suna sauya ratar, laimar damina tana sa gishiri ya manne, wanda aka girgiza kuma ya fi wanda aka zuba a hankali nauyi. Sai kuma tsoro: cokalin da aka cika da tsoro yana iya kusan ninka shafaffe, kuma a ganinmu wannan ya fi sauran ɓata lissafi.

Gishirin Foga, wanda ake dafawa daga ƙasa mai gishiri a Dallol Foga wajejen Gaya, yana da wata matsala ta daban. A dunƙule yake zuwa, sai an daka, kuma yana tafe da wasu ma'adinai. Giram 6 nasa ba giram 6 na tsantsar gishiri ba ne, don haka ba ma ɗora masa adadin na leda.

A 2012 Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da shafaffen cokalin shayi ɗaya, har da gishirin da ke cikin dunƙulen Maggi. A haɗin ruwan gishiri da sukari na yaro mai zawo kuma, rabin cokalin shayi ake sa wa lita ɗaya, kusan giram 3. In aka yi masa tsoro, haɗin na iya cutar da yaron.

Shawararmu ga ɗalibai masu zuwa ƙauyuka: su tafi da ƙaramin sikeli, su bar uwargida ta ɗebo da cokalinta yadda ta saba, sau uku, a auna kowane, a rubuta matsakaicin tare da irin gishirin da watan da aka yi awon.