Layin Agaji na Tarho da Ƙauyukan Gabashin Sakkwato

Abin da ake nufi da layin agaji shi ne lambar tarho guda wadda mabuƙaci zai buga a sada shi da asibiti ko wata hukumar taimako. A birnin Landan aka fara lamba 999 cikin shekarar 1937, domin gobara da haɗari da 'yan sanda. A Amurka kuwa, cikin 1997, aka buɗe lamba 211 a birnin Atlanta saboda mai neman abinci, ko matsuguni, ko asibitin da kuɗinsa ba zai gagare shi ba. Mai amsa irin wannan waya ba lalle ne ya zama likita ba. Aikinsa shi ne ya saurara, ya duba kundin hukumomin da ke gabansa, ya nuna wa mutum ƙofar da zai dosa.

A Nijeriya sai da wayar salula ta shigo cikin 2001 sannan wannan zance ya shafi talaka. Yanzu akwai 112, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta tanada domin kiran gaggawa kyauta, da kuma 6232 ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa.

To, amma ina amfanin lamba ga mutumin ƙauyen Wurno, ko Raba, ko Goronyo? Haihuwa ce ta fi bayyana amsar. Cikin 1994 masana biyu, Thaddeus da Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ke hallaka mace mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Waya tana rage na farko ƙwarai. Alal misali, idan maigida ya tafi cin rani, ana iya samun izininsa nan take, ma'aikaciyar lafiya kuma ta ji bayanin jinin da ke zuba ta ce kada a jira wayewar gari. Tana taɓa na uku ma, domin asibiti kan tanadi jini kafin majinyaciya ta iso.

Jinkiri na biyu shi ne mai wuyar. Murya ba ta ɗaukar mara lafiya, sai mota. Saboda haka ne a jihohin Katsina da Zamfara da Yobe aka yi shiri da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, aka horar da direbobin tasha, aka rarraba lambobinsu cikin ƙauyuka domin su kai masu naƙuda asibiti ko da tsakar dare. Dabarar ta dace, domin direban ɗan gari ne, ya san hanya, an kuma san gidansu. Sai dai ko direba yana da iyakarsa. Ambaliyar Gulbin Rima ta watan Satumba 2010 ta cinye ƙauyuka a ƙasashen Goronyo da Wurno, har ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A irin wannan rana jirgin ruwa ake buƙata, kuma ya kamata lambar masu jirgi ta kasance cikin kundin mai amsa waya tun kafin damina. Haka nan ya kamata mai amsawar ya ji Sakkwatanci sosai, a kuma sami mai jin Fulatanci kusa da shi.

Akwai kuma ranar da layin kansa ke mutuwa. Cikin Satumba 2021 aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Raba da Goronyo, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Ranar 17 ga Oktoba na wannan shekara aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Waɗanda suka ji rauni da 'yan'uwansu suna riƙe da waya a aljihu, amma babu hanyar kiran kowa.